Kada ka ɗora komai a kan dashbod: yadda nake maganin ƙyallin gilashi a hanyar Jidda zuwa Makka

Shekara 11 ke nan ina jan ƙaramar bas ta kamfanin jigilar masu Umara. Yawancin aikina daga filin jirgin Jidda ne zuwa Makka, wani lokaci kuma a tura ni Madina. Duk yaron da aka ɗauka sabon direba, in dai Bahaushe ne, wurina ake kawo shi ya yi mako guda a gefena, kuma abin da nake fara koya masa shi ne wannan magana ta ƙyalli, tun kafin mu zo kan kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar tuƙi da shingen bincike na Shumaisi.

Makka tana gabas da Jidda. In ka ɗauko baƙi da sassafe, rana tana fitowa ne daidai goshinka. In ka sauke su ka juyo bayan La'asar, ga ta nan kuma ta riga ka zuwa yamma tana jiranka. Hanyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma kullum sau biyu kake fuskantar rana tana ƙasa-ƙasa, lokacin da makarin ranar da ke saman gilashi bai cika tare ta ba.

Wata safiya, mun wuce garin Bahra kaɗan, wani dattijo da ke zaune a gaba ya ninke ragowar haraminsa ya ɗora a kan dashbod. Fari ne tas, sabo. Nan take hoton zanen ya hau gilashin gaba, rabin titin ya koma fari fat kamar an watsa nono. A gabana akwai akori-kura mai launin toka da ta rage gudu, ban gan ta ba sai da na kusa shiga ƙarƙashinta. Allah ya kiyaye, birki ya kama. Na ce masa, "Baba, don Allah a riƙe haramin a cinya, yana rufe mini hanya." Ya ɗauke yana ta ba ni haƙuri, alhali ba laifinsa ba ne. Daga kujerarsa bai ga abin da nake gani ba.

Ga abin da ke faruwa. Gilashin gaba a kwance yake, ya sunkuyo kan dashbod. Rana ta ratso ta sauka a kan dashbod, hasken ya tashi ya bugi cikin gilashi, ya dawo idonka. Wato kana kallon titi ne ta cikin hoton dashbod ɗinka. In dashbod baƙi ne marar sheƙi, hoton ba ya da ƙarfi. In yana da haske ko yana ƙyalli, sai hoton ya danne titin, musamman in abin da ke gabanka duhu ne: mota baƙa, inuwar gada, mutum mai baƙar abaya yana tsallakawa.

Saboda haka matakin farko ba ya cin riyal ko ɗaya. Kwashe komai. Takardun baƙi, kwalin mandil, ledar dabino, robar Zamzam, farar hula, duk su sauka. Carbin da ke lilo a madubi shi ma a cire. Ni yanzu tun kafin in tayar da mota nake faɗa wa wanda ke gaba, "Alhaji, nan wurin a bar mini shi fili," ba wanda ya taɓa jin haushi.

Na biyu, kuma nan ne muka fi cutar kanmu: man goge dashbod. Ka kai mota wurin wanki, yaro yana son ya faranta maka, sai ya feshe tablon, kamar yadda ake kiransa a nan, da man nan mai sa sheƙi. Mota ta fito tana walƙiya, kowa ya yaba, kai kuwa an kafa maka madubi a ƙarƙashin gilashi. Ka gaya musu tun farko ba ka so. In an riga an shafa, samo ruwan ɗumi da ɗan sabulu kaɗan, ka jiƙa tsumma ka matse, ka goge sau biyu ko uku har sai ka taɓa ka ji ba santsi. In kana son kare robar daga tsagewa, akwai mai wanda ba ya sa sheƙi, shi za ka nema.

Sai shimfiɗar dashbod. Shagunan kayan ƙawata mota suna da ita kala-kala, har da mai gashi, mai geza, mai zaren gwal. Ka bar su duka, ka ɗauki baƙa wuluk marar sheƙi, wadda aka yanka daidai da irin motarka. Ka duba abu uku kafin ka biya: kada ta toshe ramukan iskar da ke hura gilashi, kada ta rufe ɗan ƙaramin idon da ke auna hasken rana in motarka tana da shi, kuma kada ta hau kan murfin jakar iskar nan ta gefen fasinja mai fitowa in an yi karo. Wannan na ƙarshen ba abin wasa ba ne, jakar tana fitowa da ƙarfin gaske. A manne shimfiɗar da kyau don kada ta zamo kan sitiyari a kwana.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cikin gilashin. Muna wanke waje kullum, ciki kuwa sai a yi wata uku ba a taɓa ba. Zafin ƙasar nan ba ƙarami ba ne, a Hajjin 2024 ma'aunin Makka ya haura digiri 51, kuma motar da aka ajiye a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Robobin mota suna fitar da wani tururi mai maiƙo in sun gasu, ya kwanta a cikin gilashi. Ƙara da hayaƙin turaren wuta da numfashin mutane. Da tsakar rana ba za ka ga wannan yanar ba. Sai rana ta sunkuyo, ko fitilar mota ta haske ta da dare, gilashin gaba ɗaya ya koma hazo. Ni ranar Alhamis nake goge nawa, a inuwa, gilashi ya huce. Tsumma biyu masu laushi: ɗaya a fesa masa ruwan wanke gilashi a goge, ɗayan busasshe a bi baya. A kan tsumma ake fesawa, don kada ya ɗiga a dashbod. Ciki nakan goge daga hagu zuwa dama, waje daga sama zuwa ƙasa, in wani layi ya rage sai in san ta wane gefe yake. Kada ka goge da tafin hannu ko gefen rawani, maiƙo kawai kake bazawa.

Waje kuma yashi ne abokin gaba. Kada ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, zane take yi wa gilashi, kowane zane kuma kama haske yake. Ka tabbata tankin ruwan waifa a cike yake, ka sauya robar in ta bushe. Gilashin da yashin hanyar Hijira, wato babbar hanyar Madina, ya riga ya cinye, wanda in rana ta doke shi kake ganin ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ba sabulun da zai gyara shi, sai sauyi.

Tabarau yana taimakawa ƙwarai, amma ba kowane baƙin tabarau ba. Wanda ake kira folarayiz ne ke kashe hasken da ya dawo daga gilashi da kwalta. Yadda nake gwada shi: in roƙi mai shago in fita da shi zuwa mota, in ɗora farar takarda a dashbod, in zauna a kujerata. In na ƙwarai ne, hoton takardar zai kusa ɓacewa daga gilashi, in ka karkata kai gefe ya dawo. Na jabu dusashe komai kawai yake yi, takardar tana nan. Ka sani yana iya duhunta allon wasu motoci da na waya. Kuma in ka tunkari hanyoyin cikin dutse na Makka, ka ture shi sama kafin ka shiga, ka rage gudu, domin ido yana buƙatar lokaci kafin ya saba da duhu, ga motoci sukan yi cirko-cirko daga bakin ramin. Da dare kada ka sa shi sam.

Kada ka liƙa baƙar leda a gilashin gaba. Murur, wato 'yan sandan hanya, ba su yarda da ita ba, kuma da dare kai za ta makantar.

A hanyar Madina rana ta gefe take zuwa. In kana tafiya arewa da yamma, ta tagarka take shigowa, sai ka zare makarin rana daga maƙalinsa ka juya shi gefe. In ta sauko har makarin bai kai ba, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba, ka kunna fitila don na baya ya gan ka. In abin ya yi tsanani ka ratse gidan mai, ka sha shayi, ka jira Magariba. Baƙi ba sa ƙin tsayawa sallah.

Da dare kuwa hasken cikin mota ne matsalar. Rage hasken agogunan gaba, sa taswirar waya a yanayin dare, ka roƙi na baya su kashe fitilar rufi. Madubin tsakiya yana da ɗan harshe a ƙasansa, in tirela ta dallo maka daga baya ka juya shi, hasken ya ragu. In mai zuwa ya ƙi rage fitila, kada ka kalle ta, mayar da idonka kan layin gefen dama har ya wuce.

Akwai wani yayanmu a wurin aiki da ya yi duk waɗannan, amma yana ta kukan kowace fitila tana yi masa zobe da dare. Ya sauya tabarau, ya sauya gilashi. Da muka matsa masa ya je asibitin ido, aka tarar yana ce ta fara rufe masa ido ɗaya. An yi masa aiki, yanzu shi ke ɗaukar tafiyar dare zuwa Madina. In gilashinka fes yake, dashbod baƙi kuma fili, amma har yanzu fitilu suna tarwatse maka, je a duba idon.