Kafin ka goge tabilet ta koma yadda ta fito daga kamfani

Bara waccan na ɗauko tsohuwar tabilet ɗina na ce zan ba ƙanwata, yaranta su riƙa karatu da ita. Cikin gaggawa na kashe ta, na danne maɓallin kunnawa tare da na ƙara sauti, na zaɓi goge komai. Ba a jima ba ta dawo fes, kamar ranar da aka ciro ta daga kwali. Washegari da sassafe sai ga kiran ƙanwata: "Yaya, abin nan fa ya ƙi buɗewa, wai sai an sa imel ɗinka." Wannan mai sauƙi ne, na je na sa. Wanda ba shi da magani sai bayan mako guda ya faɗo mini a rai. Akwai muryar mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, da na ɗauka a ciki, wajen minti 40 tana lissafo mana kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Ban kwafe ta ko'ina ba. Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Gogewar kanta ba ta da wuya, dannawa uku ko huɗu ce. Aikin yana wurin abin da za ka yi kafin ka danna, kuma da tsarinsa: ka kwashe kayanka, ka cire sunanka, sannan ka goge.

Wurin kwashe kaya nake so ka fi daɗewa. Yawancinmu mun sakankance cewa komai yana hawa intanet da kansa. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da hotuna duk cikinsa suke rabawa. Apple kuwa gigabait 5 yake bayarwa a iCloud. Da zarar wurin ya cika, adanawa ta tsaya, kai kuma kana can kana ɗaukar hotuna hankali kwance. Don haka kada ka yarda da abin da tabilet ɗin ta gaya maka. Ɗauki wata waya ko kwamfuta, shiga asusunka daga can, ka duba da idonka ko hoton da ka ɗauka jiya yana nan.

Sai kuma abubuwan da ba su cika hawa da kansu ba: muryoyin da ka naɗa, takardun da ka sauko da su, rubuce-rubucen da ke cikin manhajar da ba ta haɗe da kowane asusu. Ni yanzu kebul nake sawa in haɗa ta da kwamfuta, in buɗe jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, in kwafe, sannan in kunna biyu ko uku daga cikin abin da na kwafa in tabbatar suna buɗewa. In akwai WhatsApp a ciki, ka shiga ka yi masa ajiyar hira a ranar. In kuma kana da manhajar da ke ba ka lambobin shiga asusu, irin masu canzawa duk bayan daƙiƙa 30, ka mayar da su kan wata na'ura tukuna, don in suka tafi za ka iya tsintar kanka a waje, asusunka a kulle.

Akwai wani kuskure da masu son tsafta ke yi. Mutum ya zauna yana share hotuna ɗaya-ɗaya da hannu alhali tabilet ɗin tana haɗe da iCloud ko Google Photos. Abin da ka share a nan, a can ma ya tafi. Bar su yadda suke, gogewar ƙarshe za ta kwashe na cikin na'urar ba tare da ta taɓa na intanet ba.

Yanzu cire suna. Abin da ya tare ƙanwata kariya ce da aka sa saboda ɓarayi. Android ta zo da ita a siga ta 5.1 a shekarar 2015, Apple kuwa tun iOS 7 a 2013. In aka goge na'ura ta hanyar maɓallai ba a cire asusun mai ita ba, tana farkawa za ta nemi wannan asusun, kuma ba za ta wuce ba sai an ba ta. Abu ne mai kyau ranar da aka sace maka, amma ranar da ka sayar ko ka bayar kyauta, wanda ya karɓa ne zai sha wahala. Ka tabbatar ka san imel ɗin da kalmar sirrinsa, ka gwada su a wata na'ura. In ka manta har ka canza kalmar sirri, ka dakata awa 24 kafin ka goge, haka Google da kansa ya ba da shawara. Daga nan ka shiga saituna, wajen asusu, ka cire na Google, da na Samsung in akwai. A iPad ka taɓa sunanka a saman saituna ka fita daga asusun, wannan zai kashe Find My, wato tsarin Apple na nemo na'urar da ta ɓata, wanda wannan kariyar take haɗe da shi.

Zare katin SIM da katin memori. Gogewa ba ta cika taɓa memori ba, wato za ka iya miƙa wa baƙo hotunan iyalinka ba ka sani ba. In ka taɓa kulle memorin da sirri a tabilet ɗin, ka kwance shi kafin ka goge, in ba haka ba ko kai ba za ka sake karanta shi ba.

Caji ya kai kashi 70 cikin 100, ko ka bar ta a jikin caja, domin aikin na iya cin kusan awa guda kuma ba a so ta mutu a tsakiya. Sannan ka goge daga cikin saituna. Kowane kamfani da inda yake ajiye abin, shi ya sa nake rubuta Reset a akwatin bincike na saituna, in zaɓi wanda ya ce zai goge dukkan bayanai. Ka lura, kusa da shi akwai mai gyara saitin intanet kawai, ba shi kake nema ba. Za ta nemi lambar buɗe allo, ka sa, ka ajiye ta, kada ka taɓa. Hanyar maɓallai ka bar ta sai ranar da na'ura ta ƙi buɗewa gaba ɗaya.

Mai tsohuwar tabilet yana da ƙarin aiki. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android 20 da masu su suka riga suka goge, amma duk da haka ya farfaɗo da hotuna sama da 40,000 daga cikinsu. Na'urorin yanzu suna rufe bayanai da sirri tun daga kamfani, gogewa tana lalata makullin, abin da ya saura ba ya karantuwa. Amma in taka ta girmi Android 6, ka shiga sashen tsaro ka rufe bayanan da sirri da kanka, sannan ka goge.

In ta dawo, kada ka miƙa ta nan take. Haɗa ta da intanet, ka bi allon maraba har ka ga ta wuce ba ta nemi tsohon asusunka ba. Sai ka shiga asusunka ta wata na'ura, wajen jerin na'urori, ka cire sunanta, ka kashe ta ka mayar cikin kwali da cajarta.