Yadda Za Ki Yi Amfani da Na'urar Sanyaya Jiki Lokacin Ɗaukewar Al'ada

Mata da yawa, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, kan ji zafi ya taso musu kwatsam daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya karyo, saboda raguwar sinadarin estirojin, wanda jikin mace ke samarwa, takan dagula yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita ɗumin jiki.

Idan kin zaɓi na'urar ɗaurawa a hannu irin Embr Wave, ki juya farantinta ya kwanta a cikin tsintsiyar hannunki, inda fata ta fi laushi, kuma ki danna maɓallin da zarar kin ji zafin ya fara motsi, kada ki jira sai gumi ya jiƙa miki ɗankwali. Ba ta rage zafin jiki gaba ɗaya, sanyin da fata ke ji ne ke kawo sauƙi.

A ganina, ƙaramar fankar ratayawa a wuya ta fi dacewa da aljihun yawancinmu, sai dai mayafi ko hijabi kan toshe ƙofofin iskarta, don haka ki sassauta shi. Ki yi cajinta duk lokacin da aka kawo wuta. Zoben wuya mai daskarewa kuwa, wato wanda ake sanyayawa sannan a saƙala a wuya, firji ko ruwan ƙanƙara kawai yake buƙata.

Idan zafin yana hana ki barci, ko jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewarsa, ki je ki ga likita.