Yadda Ɗalibin Digiri na Biyu ko na Uku Zai Ci Moriyar Taron Ƙara wa Juna Sani

Yawancin ɗaliban da ke zuwa mini da maganar taron ƙara wa juna sani, takardar shaidar halarta ce a ransu. Ban raina takardar ba, tana da ranarta, musamman idan sashenku ya gindaya sharaɗin sai an gabatar da maƙala kafin a kare kundi. Sai dai ita ce mafi ƙanƙantar abin da mutum zai dawo da shi. A jami'arka, waɗanda suka san lungu da saƙon batun da kake bincike ba su wuce mai duba aikinka da wataƙila wani malami guda ba. A wurin taro kuwa za ka zauna a ɗaki ɗaya da mutanen da ka daɗe kana rubuta sunayensu a manazartar kundinka, kuma su ne za su iya nuna maka ɓarakar aikinka tun kafin mai jarrabawa na waje ya gano ta. Domin haɗuwa da su ake yin duk shirin da zan bayyana.

Kafin komai, ka tantance taron da kansa, don akwai na bogi da yawa. Da zarar sunanka ya fita a wata mujalla, za ka fara samun saƙonnin imel masu cike da yabo, ana gayyatarka ka zama babban mai jawabi a wani birni mai nisa. Kuɗin rajistarka suke so. A shekarar 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT da ke Amurka sun ƙirƙiri wata manhaja mai suna SCIgen, wadda ke harhaɗa maƙalar kimiyyar kwamfuta da ba ta da ma'ana ko kaɗan, suka aika da ɗaya wani taron ƙasa da ƙasa, aka kuwa karɓe ta. A 2019 kuma wata kotun tarayya a Amurka ta umarci kamfanin OMICS ya biya sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar masu bincike game da mujallunsa da tarukansa. Cikin abin da aka zarge shi da shi har da jera sunayen manyan masana a matsayin masu jawabi, alhali ba su taɓa amsa cewa za su zo ba. Saboda haka ka duba wace ƙungiyar masana ko wace jami'a ce ta shirya taron. Ka nemi jadawalin taron bara, ka ga ko akwai sunayen da ka sani a fagenka. Taron da ya haɗa likitanci da adabi da injiniyanci a rana ɗaya, ko wanda ya karɓi tsakurenka, wato taƙaitaccen bayanin maƙalarka, washegarin da ka aika, ka bar shi. Akwai wani jerin tambayoyi a intanet mai suna Think. Check. Attend. da aka tsara don irin wannan tantancewa. Mafi sauƙi kuma, ka tambayi mai duba aikinka: “Malam, kai wane taro kake zuwa, kuma wanne kake ganin ya dace da ni a wannan mataki?”

A ra'ayina, wanda bai taɓa zuwa ba ya fara da ƙaramin taro na fagensa. A babban taron ƙungiya, inda dubban mutane ke rarrabuwa a ɗakuna da yawa lokaci guda, sabon shiga yakan yi kwanakinsa yana yawo bai yi magana da kowa ba. A ƙaramin taro fuskokin nan dai za ka riƙa gani safe da yamma, sabo kuma ya zo da kansa.

Sai tsakure. Galibi ana neman kalmomi 250 zuwa 300, amma abin da sanarwar taron ta ce shi ne doka. Masu tantancewa suna karanta tsakure masu yawa cikin ɗan lokaci, don haka kada ka cinye rabin naka wajen shimfiɗa. Faɗi tambayar da ka sa a gaba, da hanyar da ka bi, da abin da ka gano. Jimlar nan ta “za a tattauna sakamakon” tana nuna cewa babu sakamakon tukuna. Kada ka aika sai mai duba aikinka ya gani, kuma duk wanda ka sa sunansa ya sani ya amince.

Abu biyu da ɗalibai ba su cika sani ba. A wasu fagage, kamar kimiyyar kwamfuta, cikakkiyar maƙala ake aikawa, a tantance ta sosai, a buga ta a kundin taron, kuma wannan bugun ana ƙirga shi a matsayin wallafa. Idan kana da niyyar kai aikin wata mujalla daga baya, ka karanta ƙa'idarta kan aikin da ya riga ya fita. Na biyu, idan bincikenka ya ƙunshi wata ƙirƙira da za a iya yi wa rajistar mallaka, bayyana ta a bainar jama'a kafin a shigar da takardun neman rajistar yana iya rushe damar a ƙasashen Turai, ko da yake dokar Amurka ta ba mai ƙirƙirar rangwamen shekara guda. Ka tuntuɓi ofishin bincike na jami'arku tun da wuri.

Maganar kuɗi da tafiya ba ta son jinkiri. Kusan kowane taro yana da rangwamen ɗalibai da na masu rajista da wuri. Ƙungiyoyi da yawa suna ba da tallafin tafiya, kuma sau da yawa wa'adinsa yana cika ne daf da na tsakure, don haka kada ka jira sai an karɓe ka kafin ka bincika. Wasu tarukan suna yafe wa ɗalibi kuɗin rajista idan ya yarda ya yi aikin sa-kai, kamar zama a teburin rajista ko kula da na'urorin ɗaki. Tallafi da yawa sai bayan an dawo ake biya, don haka ka adana kowane rasit. Idan akwai biza, nemi wasiƙar gayyata ranar da aka karɓi tsakurenka. Bizar Schengen ta Turai, alal misali, ana iya nemanta tun saura wata shida a yi tafiya, kuma samun ranar ganawa kaɗai yana iya cin makonni.

Yanzu ga gabatarwar. Yawanci minti 15 ake bayarwa, wani lokaci 20, sai ɗan lokacin tambayoyi. Mai magana a natse ba ya wuce kalmomi 2,000 a minti 15, kundinka kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ba zai shiga ba, kada ma ka gwada. Zaɓi sakamako guda, wanda ya fi ƙarfi ko wanda ya fi ba ka mamaki, ka gina maganar a kansa. Mutanen da ke ɗakin sun san asalin fagen, minti biyu sun isa shimfiɗa. Abin da ya fi ɓata mini rai a taro shi ne in ga ɗalibi mai aiki mai kyau ya ɓata minti goma yana bitar ayyukan magabata, sai shugaban zama ya ɗaga masa takardar “saura minti biyu” daidai lokacin da ya iso ga abin da ya gano. Sai ya bi sauran shafukan a guje, aikin shekara biyu ya wuce ba wanda ya gan shi.

Maganin wannan shi ne gwaji da murya a sarari, a tsaye, da agogo a gaba. Karantawa a zuci ba ta nuna ainihin lokacin da magana ke ci. Ka tara abokan karatu ka yi a gabansu, ka roƙe su kada su tausaya maka. Ka yi ta ragewa har sai kana gamawa da rarar minti guda. Shafukan majigi su kasance masu ƙarancin rubutu da manyan haruffa, kowane jadawali da bayanin abin da yake aunawa. Ka ajiye kwafi a filash, wani a imel ɗinka, kuma ɗaya ya kasance PDF, domin tsarin rubutu yakan hargitse idan aka buɗe shi a wata kwamfutar. Ranar gabatarwa ka je ɗakin kafin a fara zama, ka gwada majigin, ka gaisa da shugaban zama, ka faɗa masa yadda ake furta sunanka.

Lokacin tambayoyi ne ɗalibai suka fi tsoro, alhali nan ne ribar take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ka fi kowa sanin inda aikinka yake da rauni, ko yawan mutanen da ka tattara bayanai daga gare su bai kai ba, ko akwai wata fassarar sakamakon da ba ka kawar ba. Rubuta waɗannan tambayoyi tun a gida ka shirya amsarsu ta gaskiya. Idan an yi tambaya, ka bari mai ita ya kai aya. Ka maimaita ta a taƙaice don na baya su ji, kai ma ka samu sararin tunani. Idan ba ka da amsa, ka ce, “Na gode, Farfesa, ban duba wannan ɓangaren ba tukuna, amma zan so mu tattauna bayan zaman nan.” Babu masanin kirki da zai raina ka don wannan. Abin da ke zubar da mutum shi ne ƙirƙiro amsa a gaban wanda ya san gaskiyar lamarin. Akwai kuma mai tashi ya yi dogon jawabi a kan aikinsa da sunan tambaya. Ka gode masa, ka ɗauki abin da ya shafe ka, ka bar sauran. Ka roƙi wani aboki ya rubuta maka duk tambayoyin, domin bayan ka sauka ba za ka tuna rabinsu ba.

Idan fosta aka ba ka, wato ka baje aikinka a babbar takarda da ake kafewa a allo maimakon yin jawabi, kada ka ga an rage maka daraja. Mai fosta yakan yi awa guda ko fiye yana magana da mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tsaya sha'awa ce ta tsayar da shi. Girman da aka fi nema shi ne A0, wato milimita 841 da 1189, amma ka tabbatar ko a tsaye ake so ko a kwance kafin ka kai bugu. Babban sakamakon ya fito da girma yadda za a karanta daga nesa, ka kuma shirya bayanin minti biyu na baka.

Sauran kwanakin na mutane ne. Tun kafin tafiya ka zauna da jadawalin taron, ka ware mutum uku ko huɗu da kake son gani, ka karanta sabon aikin kowannensu. Kana iya aika musu ɗan gajeren imel: ga sunana, ga abin da nake bincike, ko zan samu minti goma a lokacin hutu? Da yawa suna amsawa. Idan kun haɗu, kada ka fara da roƙon gurbin karatu ko tallafi. Ka fara da tambaya ta gaske a kan aikinsa, irin wadda ke nuna ka karanta. Ka kuma tanadi bayanin bincikenka cikin jimla biyu, domin “me kake aiki a kai?” ita ce tambayar da za ka fi ji. Idan mai duba aikinka yana wurin, roƙe shi ya gabatar da kai ga abokansa, hakan na cikin haƙƙinka a kansa.

Kada neman manya ya sa ka manta da tsararrakinka. Ɗalibin wata jami'a da ke fama da matsala irin taka shi ne zai aiko maka da maƙalar da ka kasa samu, ya karanta maka babi, ya sanar da kai idan an tallata guraben aiki. Irin wannan zumunci yakan ɗore har ƙarshen aiki. Don haka idan kun je ku da yawa daga sashe ɗaya, kada ku dunƙule a kusurwa guda daga safe har dare.

Ba dole ne ka shiga kowane zama ba. Idan ka gaji ka huta, don ka fito da ƙarfin sauraron wanda ka zo dominsa. Kada ka ɗauki hoton shafin wani ko fostarsa sai da izini, domin da yawa suna nuna sakamakon da ba a buga ba. Tarukan Gordon na masana kimiyya ma haramta hakan suka yi gaba ɗaya. Ka kuma karanta ƙa'idojin ɗabi'a na taron, ka san wanda ake kai wa ƙara. Ina jaddada wannan ga ɗalibai mata musamman: girman sunan mutum bai ba shi damar takura miki ba, kuma kina da ikon cewa ganawa ta kasance a fili, cikin jama'a.

Bayan ka dawo, kada mako ya wuce ba ka rubuta wa waɗanda kuka yi magana mai ma'ana ba. Tuna musu inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna, ka aika abin da ka yi alkawari. Idan kana da lambar ORCID, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba mai bincike, sa ta a ƙarshen saƙon don su same ka ko ka sauya jami'a. Sannan ka ɗauki takardar tambayoyin nan ka je wurin mai duba aikinka, ku bi su ɗaya bayan ɗaya: wacce ce ke buƙatar ƙarin gwaji, wacce sakin layi guda zai wadatar, wacce ta fita daga iyakar kundin. Kafin ku tashi, ku tsayar da mujallar da za a kai maƙalar da ranar da za ka miƙa masa gyararren kwafi.