Yadda gari zai yi ciniki da gwamnati kan fili a Jihar Kaduna

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Sarki, hakimi da dagaci su ne suka san iyakar gonar kowa, amma a ƙarƙashin wannan doka sa hannunsu ba ya mallaka wa kowa fili. A Kanada akwai al'ummun asali masu gwamnatin kansu, irin su Nisga'a, waɗanda yarjejeniyarsu da lardin Biritish Kolombiya da gwamnatin tarayya ta fara aiki a 2000, ta tabbatar musu da ƙasa kimanin murabba'in kilomita 2,000. Masarautunmu ba su da irin wannan matsayi. Abin da gari ke da shi a hannu shi ne shiri, da takarda, da sanin cewa mai zuba jari ba ya son kafa masana'anta a kan rigima.

Idan aka ce gwamnati za ta karɓi filin gari, a fara da neman magana a rubuce. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon soke haƙƙin fili don amfanin jama'a, amma sai da sanarwa mai sa hannun jami'in da aka ba izini, kuma ta isa hannun mai filin. Saƙon baki daga fada ko sakatariyar ƙaramar hukuma bai wadatar ba. A tambayi hekta nawa, me za a yi a wurin, wa zai karɓa, sannan a nemi taswirar hukumar KADGIS, wadda ke kula da filayen jihar. Idan kamfanin noma ne, yawanci ta KADIPA, hukumar jawo masu zuba jari ta jihar, ya shigo, kuma jihar tana da tsarin FRILIA, wanda ya tanadi tuntuɓar jama'a kafin a ba da babban filin noma. A ambace shi tun zaman farko.

Gari ya ɗauki safiyonsa, wato mai awon fili, a zaga iyaka da ƙafa, turke bayan turke. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi, wato kusan eka biyu da rabi. Sau da yawa manomi yana lissafi da eka, takarda tana magana da hekta, sai an kafa turaka a ga fili ya haɗiye fadama.

Kwamitin ciniki kada ya tsaya kan 'yan fada. A sa masu gonaki, da mata masu tsintar kaɗanya da ɗorawa, da ardon makiyaya, da matasa, da lauya guda. Duk wanda aka bari a waje, shi ne zai tare hanya ranar da katafila ta iso.

Ranar ƙididdigar abin da za a biya diyyarsa ita ce ranar da ake ci ko a faɗi. Sashe na 29 bai biyan ƙasa tsagwaronta, abin da ke kanta yake biya: gini, shuka, itatuwa, rijiya da makamantansu. Saboda haka gonar masara da aka ƙirga a watan Fabrairu, ba komai sai kara, za ta shiga takarda tamkar fako. A dage a yi ƙirga amfani yana tsaye, in kuwa ya zama dole a yi da rani, a rubuta abin da aka noma a daminar da ta wuce, da shaidar mai unguwa. Kowa ya tsaya a gonarsa da kansa. A ƙirga itace ɗaya-ɗaya, a raba mai 'ya'ya da ƙarami, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne: mangwaro, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, giginya. Kada a manta rumbu, danga da ramin ban ruwa. A ɗauki hoton mai gona riƙe da lambarsa, ya karɓi kwafin fom ɗinsa nan take. Kada kowa ya dangwala yatsa a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce rana ta yi, a ofis za a ƙarasa.

Wuri biyu ke yawan jawo faɗa. Gonar aro ko jingina, inda shukar ta mai noma ce, itatuwan na mai gona, sai a rubuta sunaye biyu. Sai gonar gado da ba a raba ba: in sunan babban wa kaɗai ya shiga, kuɗin na iya ƙarewa a gaban alƙali. Magada su zauna su rubuta rabonsu kafin ranar.

Diyyar filin gari baki ɗaya, doka ta yarda a biya ta ga al'umma, ko ga shugabansu, ko cikin asusun da gwamna ya ayyana. Asusu mai sa hannun mutum uku ya fi, kuma ya fi kare mutuncin hakimin kansa. Kuɗin ɗaiɗaikun mutane ya tafi asusun bankin kowa. Wanda bai gamsu da adadin ba, sashe na 30 ya tura shi kwamitin rabon filaye na jiha. Manomin da ba shi da wata sana'a ya fi dacewa ya roƙi musayar gona, don kuɗin diyya ba ya kai damina biyu a aljihu.

Sai yarjejeniya da kamfani, wadda ta fi diyya tsawon rai, tunda takardar mallaka kan kai shekara 99. "Za mu ɗauki 'yan gari aiki" ba alkawari ba ne. A rubuta mutum nawa, wane irin aiki, daga wane wata. Haka rijiyar burtsatse, hanya, ko sayen masara da waken soya daga manoman yankin: adadi, lokaci, da wanda zai gyara in abu ya lalace. Ga masu haƙar ma'adinai, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta irin wannan yarjejeniya da sake duba ta duk shekara biyar, kuma ba laifi a nemi haka daga kamfanin noma. Maƙabarta, burtali da mashaya a zare su daga taswira kafin takardar mallaka ta fita, domin bayan nan gyara sai da wuya. A sa sharaɗin cewa filin da aka bari ba aiki har wasu shekaru da aka ƙayyade, gwamnati za ta karɓe shi ta mayar wa manoma. Wannan sharaɗi ba ya aiki sai gwamnatin jiha tana cikin masu sa hannu. A yi kwafin Hausa a karanta a bainar jama'a, a ajiye ɗaya a fada, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya wurin lauya.