Kurakuran da ke hana sababbin 'yan Geometry Dash gama mataki

Makonni uku ke nan ƙanina yana shigowa ɗakina bayan isha'i, ya miƙo mini waya ya ce, "Yaya, wasan nan ba na mutane ba ne." Abokansa biyu ma haka. Duk sanda na ce su buga a gabana, kurakuran da nake gani su ne waɗanda na tafka shekarun baya, har wuraren da suke mutuwa kusan ɗaya ne. Bakina ya gaji da maimaita magana, shi ya sa na zauna in rubuta ta gaba ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Robert Topala ne ya fitar da shi a watan Agusta na 2013. Ɗan akwati ne yake gudu da kansa bisa kiɗa, kai naka ka danna fuskar waya ya yi tsalle. Da ya taɓa ƙaya ɗaya an mayar da kai farko, ko da ka kai kashi 99 cikin ɗari na matakin. Babu rai na biyu, babu rangwame. Tun sabuntawar 2.2 da ta fito a Disamba 2023, manyan matakansa 22 ne, daga Stereo Madness zuwa Dash, ban da ɗimbin waɗanda 'yan wasa ke ƙerawa da kansu.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne farawa daga sifili kullum. Ka mutu, ka koma farko, ka mutu, ka koma farko, kana jiran ranar da sa'a za ta kai ka ƙarshe. Haka na yi wa Clubstep, mataki na 14, wanda shi ne na farko mai darajar Demon (wato ajin matakai mafi wuya) a jerin, kuma sai ka tara sulallan sirri 10, waɗanda ake ɓoyewa cikin matakai, kafin ya buɗe. Wata biyu cur na yi a kansa. Rabin farko na haddace shi har ina iya buga shi ina hira da mutane. Amma da na wuce kashi 80 sai in zama baƙo a gari, ban san me ke gabana ba. Ranar da na mutu a kashi 94 na zauna bakin gado na fi minti goma ban ce uffan ba, domin abin da ya kashe ni tsalle ne mai sauƙi, wanda da na taɓa ganinsa sau biyar da na wuce shi ido rufe.

Yi lissafin da kanka. In sau ɗaya cikin ɗari kake isa ƙarshen mataki, to bayan ka gwada sau dubu, farkon ka gan shi sau dubu, ƙarshen kuwa sau goma kacal. Kuma duk cikin goman nan gabanka na faɗuwa, yatsanka na rawa. Ta ina za ka koye shi? Mutane na ɗauka saurin hannu ne kaɗai ke cin wasan nan. Saurin hannu na da rana, amma a matakai masu wuya abin da ke tafe ya fi ido sauri, yatsa ne yake tuna inda zai danna kafin ƙwaƙwalwa ta gama gani. Hadda ce. Ɗalibin da kullum shafin farko yake bita, ranar jarrabawa shafin ƙarshe ne zai kayar da shi.

Maganin yana cikin wasan tun farko, wato sashen atisaye, inda ake ajiye koren lu'ulu'u a hanya, in ka mutu ka tashi daga nan. Sai dai yawancin 'yan koyo ɓata shi suke yi. Sukan bar wasan yana zuba musu lu'ulu'un da kansa, su rarrafa har ƙarshe bayan mutuwa ɗari uku, su ce sun yi atisaye. Ni abu na farko da nake yi, in shiga saiti in kashe wannan ajiyar ta kai tsaye, in riƙa ajiyewa da hannuna, a wuri mai fili inda akwatin ke ƙasa, ba yana tsakiyar tsalle ba. Sannan daga ƙarshe nake koyo ina dawowa baya. In lallaɓa har kashi 70, in ajiye lu'ulu'u ɗaya, daga nan kuma ba ƙari. Sai na buga daga 70 zuwa 100 sau uku a jere ba mutuwa, sannan in koma 50, daga nan 30. Kafin in fara bugun gaske daga sifili, ƙarshen matakin shi ne wurin da na fi sani. Da na koma wa Clubstep ta wannan hanya, kwana tara na gama shi.

Akwai masu cewa yawan zama a atisaye na hana mutum sabawa da fargabar bugun gaske, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni dai na gwammace in tari fargabar ina sane da hanya. Wani abin lura shi ne kiɗan atisaye daban yake da na matakin, to mai dogaro da kunne zai ɗan rikice. In kana da cikakken wasan da ake saye, nemi kwafin matakin, ka buɗe shi a wurin ƙira, ka dasa alamar farawa a inda kake so, za ka samu kiɗan asali daidai wurin.

Kuskure na biyu shi ne buga wasa cikin fushi, kuma a nan ba zan sassauta wa kowa ba. Na ga yaro ya mutu a kashi 60, ya sake, ya mutu a 12, ya sake, ya mutu a 4, a wurin da jiya yake wucewa yana dariya. Yana huci yana cewa sau ɗaya kawai ya rage. Kai, wane sau ɗaya? Awa ɗaya ke nan kana faɗin haka! Duk dannawar da kake yi a wannan hali koya wa yatsanka kuskure kake yi, gobe sai ka ɓata lokaci wajen goge abin da ka shuka yau. Zafin nema ba ya kawo samu. Ni wannan hali ya jawo mini asarar gilashin waya sukutum, ranar da na buga ta da katangar ɗaki saboda matakin Deadlocked, kuma kuɗin gyaran na abincin sati ne a lokacin. Babban yatsana ma ya yi kwanaki yana zogi a gaɓa, har rubutu da biro ya zame mini aiki. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: in na mutu sau uku a jere a wurin da na riga na iya, waya ta tafi aljihu. In an kira salla kuwa ba a ma kai ga ukun. Sau da yawa wurin da ya gagare ni da dare, da safe bugu biyu nake wuce shi, bayan na yi barci hannu ya huce.

Sai masu tsallake layi. Mutum bai gama matakin Time Machine ba, ya kalli bidiyon Bloodbath a YouTube, washegari ya ce shi zai buga. Bloodbath ɗin nan, matakin da 'yan wasa suka ƙera, tun da aka kammala shi a 2015 ya daɗe ana lissafa shi a kan gaba wajen wuya, kuma har yau yana cikin rukunin Extreme Demon, na ƙoli a rukunai biyar na Demon. Abin da za ka samu a can kashi 3 ne da ɓacin rai. An jera manyan matakan ne don kowanne ya koya maka sabon abu, kamar siffofin da akwatin ke rikiɗa zuwa gare su: jirgi tun a Stereo Madness, ƙwallo a Cycles, kibiya a Blast Processing, gizo-gizo a Fingerdash. Bi su a jere. In ƙaiƙayin Demon ya dame ka, fara da The Nightmare, da yawa da shi suka buɗe.

Jirgi kuwa, ku daina danne shi kamar kuna matsa ƙararrawar ƙofa. In ka danne ya yi sama ya daki rufi, ka saki gaba ɗaya ya faɗo ƙasa, haka za ka yi ta lilo har ka mutu. Ɗan taɓawa ake yi a kai a kai, gajere gajere, hancin jirgin ya tsaya a miƙe. Idonka kuma ya bar kan akwatinka, ka ajiye shi ɗan gaba ta dama, inda haɗarin ke fitowa. Zobban da ke rataye a hanya, waɗanda ake dannawa a kansu, su ma ka san launinsu: rawaya tsalle ne madaidaici, ruwan hoda ƙarami, ja babba, shuɗi kuma juya ka yake sama ta koma ƙasa. Ba kowane zobe ake dannawa ba, wasu tarko ne aka ɗana wa mai zumuɗi.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. Abin sa wa a kunne na Bluetooth yakan jinkirta sauti, ka ji kiɗa bayan ƙaya ta wuce, nemi mai igiya. Kashe data kafin ka fara, saƙon WhatsApp ɗaya ya sauko ya isa ya ɓata maka minti ɗaya da rabi na wahala, manyan matakan kuma ba sa bukatar intanet. Kada ka buga waya tana caji a zafin bazara, in ta ɗau zafi sai hoton ya fara sarƙewa. Goge gumin yatsa da na gilashi. Rabu da sulallan sirri sai ka gama matakin tukuna. Yatsan da ka koya da shi, da shi za ka ƙarasa, kada ka sauya a tsakiya.

Akwai kuma lambar kashin da ke saman fuska. Ni kashe ta nake yi in na kusa gama mataki, domin da idona ya hango 90 numfashina ke sauyawa, yatsa ya ƙage. Ƙanina ya ƙi yarda da wannan, ya ce in bai ga lambar ba ji yake kamar tafiya cikin duhu, na ƙyale shi. Amma ya karɓi koyo daga ƙarshe. Yanzu matakin xStep yake kai, jiya ya buga daga 60 zuwa 100 sau biyu a jere, a na uku ya mutu a sashen jirgi. Na ce masa ba zai koma sifili ba sai ya cika ukun.