Yadda Ake Gano Tushen Ƙugi a Amfilifayar Hedifon

Wanda ya taɓa zama a ƙaramin situdiyo da daddare, gari ya yi tsit, ya ɗora hedifon a kai don ya tace karatu ko waƙar da aka ɗauka da rana, ya san wannan ƙara. Kafin ma ka kunna komai, sai ka ji "zuuuu" a can ƙasa kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Da rana hayaniyar Keke Napep tana rufe ta, amma bayan isha'i ba ta ɓuya. Mu nan Bauchi mun saba ɗora laifin a kan amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga hedifon, mu ɗauke ta mu nufi wurin mai gyara a Wunti, ya buɗe, ya canja abin da bai lalace ba, mu dawo gida ƙugin yana nan daram. Sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau, ciwon yana jikin wayoyi ne ko wutar ɗakin. Wani lokacin kuma daga masana'anta aka fito da shi da lahani. Ga yadda nake rarrabe su.

Fara da kunnenka

Cire hedifon daga kai, ka kara kunne a jikin akwatin. In ƙugin daga jikin ƙarfen yake fitowa, taransifomar ciki ce ke rawa, ko kusoshinta sun saki, ko faifayen ƙarfenta ba su manne sosai ba. Wannan daban ne da ƙugin da ke cikin sauti. Ana yawan samunsa a kayan gwanjo da aka yi domin Amurka, inda wuta take 120V da 60Hz (Hz shi ne yawan zagayen wutar a daƙiƙa ɗaya). Tamu 230V ce da 50Hz. Ko ka sa mata na'urar rage wuta, taransifomar da aka naɗa domin 60Hz kaɗai tana wahala a 50Hz, ta yi zafi, ta yi gurnani. Duba rubutun bayan akwatin. In ka ga 50/60Hz, ka tsira daga wannan.

In kuwa a cikin hedifon ƙarar take, sai ka tantance irinta, don kowace tana nuna gidansu. Ƙugi mai kauri, mai laushi, wanda kake ji kamar a ƙirji, shi ne na 50Hz, kuma yawanci daga waje yake shigowa ta waya ko ta maganaɗisun wata taransifoma. Wanda ya ɗan fi shi tashi, mai kaushi, shi ne na 100Hz. Dalilin ninkin shi ne idan aka juya wutar soket zuwa wutar da da'irar ke ci, tudun wutar yana zuwa sau biyu a kowane zagaye, kuma aikin manyan kafasita ne, wato gwangwanayen ciki masu tara wuta, su share shi. In sun gaji, sai ya ɓullo a kunne. Akwai "zzzz" mai kaifi irin na inbata da caja mai arha. Akwai "shhhh" kamar ruwan sama a kan kwano, wannan ba ƙugi ba ne, hayaniyar da'irar ce da kanta. Akwai kuma "dit-dit-dirrr" da ke zuwa daf da shigowar kira, wannan wayarka ce, matsar da ita kawai.

In kunnenka bai iya raba 50 da 100 ba, ba abin kunya ba ne. Sauke manhaja irin Spectroid a wayar Android, ka kara bakin wayar a kunnen hedifon, za ta nuna maka inda layin ya yi tsini.

Cire komai, ka bar ta ita kaɗai

Nan ne mutane suke gaggawa, kuma nan ne rabin aikin yake. Zare duk wayar da ke shiga amfilifayar: ta laftof, ta miksa, ta USB, duka. Ka bar wayar wuta da hedifon kawai. Mayar da bolum ƙasa, ka kunna, ka saurara.

Sai dai akwai tarko. Ramin shigar sauti da aka bari a buɗe yana kwasar ƙara daga iska kamar eriya, sai ka ɗauka akwatin ne ba shi da lafiya. Maganinsa shi ne ka sami tsofaffin kawunan RCA guda biyu, wato kawunan wayar sauti masu tsinke ɗaya a tsakiya, ka haɗa tsakiyar kowanne da gefensa da ɗan guntun waya, ka cusa su a ramin shigarwa. A ramin shigarwa fa na ce, kada ka kuskura ka cusa a na fitarwa. Yanzu abin da duk ka ji, na akwatin ne da wutar da yake ci.

Sai ka murɗa bolum a hankali. In ƙugin yana ƙaruwa da murɗawa, yana shigowa ne kafin maɓallin bolum, wato ta ɓangaren shigarwa. In yana nan yadda yake ko bolum yana sifili, to bayan maɓallin yake, kuma zargi ya koma kan ɓangaren wuta ko yadda aka shimfiɗa wayoyin ciki. In kuma tsit ka ji, alhamdu lillahi, amfilifayarka ba ta da laifi, sai mu nemi ɓarawon a waje.

Ɗaga ta, juya ta

Kana sanye da hedifon, ɗauki akwatin ka matsar da shi kamu biyu ko uku, ka juya shi dama da hagu. In ƙugin yana raguwa yana ƙaruwa, maganaɗisu ne. Na taɓa shafe kusan mako guda ina zargin wata amfilifaya, ashe a kan sitabilaiza na ɗora ta saboda teburin ya yi mini kaɗan. Sitabilaiza babbar taransifoma ce a cikin akwati, haka ma inbata da UPS da yawa. Da na sauke ta zuwa ɗaya gefen teburin, ƙarar ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Kada kuma ka ɗaure wayar sauti da wayar wuta wuri guda don tebur ya yi kyau. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Gwada ta a wuta iri-iri

Wannan matakin masu rubuta bayani daga Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa a rana ɗaya muna iya cin wuta kala uku. Saurari akwatin a wutar NEPA, sannan a janareta, sannan a inbata, ka riƙe bambancin. Ƙaramin janareta sai injinsa ya yi juyi 3000 a minti kafin ya ba da 50Hz daidai, kuma da an kunna firiza ko dutsen guga sai ya nauyaya, ka ji muryar ƙugin ta sauka ta sake hawa. Inbata mai arha kuwa ba ta fitar da wuta mai santsi, a tsattsage take fitowa kamar matakala, shi ya sa take sa fanka kuka, kuma amfilifaya ba ta iya tace ta duka. In a NEPA tsit ne amma a inbata "zzzz", ba mai gyaran da zai warkar maka da akwatin. Ko ka nemi inbata mai fitar da wuta mai santsi, ko ka koma amfilifaya mai batir domin aikin dare.

Mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya

Ɗaya bayan ɗaya, kana saurare bayan kowace. Wadda ƙugin ya dawo da ita, ita ce. Da farko canja ta da wata, domin wayoyin da ake sayarwa da arha sau da yawa ragar da ke kewaye da su ba ta kai ta kawo ba, ko ta tsinke a wuya. In sabuwa ma ta yi ƙugi, to ka faɗa matsalar da ta fi kowace yawa a situdiyo.

Ga yadda take. Miksa tana soket ɗin bango na gabas, amfilifaya tana na yamma, kowacce tana da hanyarta zuwa ƙasa, ga kuma wayar sauti ta haɗa su. Hanya ta zama zobe ke nan. Ɗan bambancin wuta tsakanin soket biyun, ko da bai kai ka ji a hannu ba, sai ya riƙa zagayawa ta cikin wayar sautin, amfilifaya kuma ba ta san ba waƙa ba ce, sai ta ƙara masa ƙarfi. Magani mafi sauƙi shi ne duk kayan sauti su ci wuta daga ekstenshan ɗaya mai kyau, mai atin na gaske, wato wayar kariya da ke sauke wuta zuwa ƙasa. In laftof ne, zare cajarsa ka bar shi a batir. In ƙarar ta mutu nan take, cajar ce, kuma sau da yawa ba ta asali ba ce. In kayanka suna da ramin XLR, mai ƙafa uku irin na makirufo, yi amfani da shi, an yi shi ne domin ya kashe irin wannan ƙara. In duk sun ƙi, akwai ɗan akwati mai taransifoma a ciki da ake sawa a tsakiyar wayar sauti, yana barin sauti ya wuce amma yana yanke zoben. Mai arharsa yana ɗan cin bes, ka sani.

Abu ɗaya da nake roƙonka da girman Allah: kada ka karya dogon ƙarfen nan na uku a jikin fulogi, kada kuma ka yarda wani ya cire maka wayar atin don ƙugi ya tafi. Zai tafi kam. Amma ranar da waya ta goge ta taɓa jikin akwatin, hanyar da wutar za ta bi zuwa ƙasa ita ce wayar da ke manne da kanka. Gidaje da yawa a unguwanninmu ma soket ɗin yana da rami uku amma babu komai a bayan na ukun. In kana jin "tsirr" a jikin laftof ko miksa idan ka taɓa su ba takalmi, kira mai wayarin ya duba, ya kafa sandar atin yadda ya kamata. Da rani ƙasa tana bushewa ƙayau, atin ɗin da aka kafa sama-sama yana raunana.

Hedifon ɗin ma yana da hannu

Ƙananan iyafis masu shiga cikin kunne, na om 16 ko 32 (om shi ne ma'aunin turjiyar hedifon ga wuta), suna jin abin da babban hedifon ba ya ji. Amfilifayar da aka yi domin tura irin Sennheiser HD 600 mai om 300, ko Beyerdynamic DT 770 mai om 250, za ta iya yin tsit da su, ka sa mata iyafis ka ji ƙugi. In tana da maɓallin rage ƙarfi a baya ko a ƙasa, sa shi a ƙarami, ka ɗaga sautin daga laftof ko miksa.

In laifin nata ne

Tsohuwar amfilifaya mai ƙugin 100Hz da ba ya bin bolum, kafasita ce kusan kullum. Ruwan da ke cikinta yana bushewa, kuma zafi ne ke gaggauta shi. Ƙa'idar da masu ƙera ta suke bi ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana rage kwananta da rabi. Ka tuna zafin watan Maris da Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, ka ga dalilin da kayanmu suke tsufa da wuri. Ka ce wa mai gyara ya sa masu lamba 105°C maimakon 85°C, girmansu ɗaya da na da, ƙarfin ɗaukar wutarsu kuma kada ya gaza na da. Tsaya ka ga ya cire tsofaffin. Kai kuma kada ka sa hannu a ciki in ba sana'arka ba ce, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Amfilifayoyi masu kwalba, waɗanda suke haske ja a ciki, wutarsu tana haura 200V.

Sabuwa fil mai ƙugi kuwa labarin daban ne. Wani abokina ya yi odar guda biyu iri ɗaya, a kwali ɗaya suka zo. Ɗaya tsit, ɗaya tana gurnani a kunnen hagu. Da aka buɗe, wayar da ke ɗauko sauti daga baya zuwa bolum an bar ta ta kwanta a jikin taransifoma, a ɗayar kuma an ɗaure ta a gefe. Zane ɗaya, kaya ɗaya, hannun mai haɗawa ne ya bambanta, kuma ba wanda ya saurara kafin a rufe kwalin. Irin wannan sakacin ne ke sa ka ji wani yana yabon akwati wani yana tsine masa, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa. Sauran abin da ake samu shi ne sodar da ba ta kama ba, da kusar atin da aka ɗaura a kan fenti, ba ta taɓa ƙarfen ba.

Saboda haka ranar saye, je da hedifon ɗinka da iyafis mafi jin ƙara da kake da shi, da kawunan RCA ɗin nan biyu a aljihu. Nemi mai shago ya buɗe wadda za ka tafi da ita, ba wadda aka ajiye a kan teburin shago ba. Saurari kunnen dama da na hagu daban-daban, bolum a ƙasa, a tsakiya, a sama. Ƙwanƙwasa jikinta da yatsa a hankali, ka motsa wayar hedifon a raminta, in ƙara ta canja akwai abin da bai zauna ba. Bar ta a kunne kamar minti 20 kuna hira, don wani lahanin sai ta ɗumama yake fitowa. Kasuwa ba wurin jin ƙugi ba ce, ga janareta ga masu kiran ciniki, don haka ka ce masa, "Alhaji, in na je gida na ji tana ƙara da daddare, zan dawo da ita gobe," ka sa ya rubuta hakan a bayan rasit. In ta intanet za ka saya, karanta sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ranar da ta iso kuma ka yi duk gwajin nan a daren, kwalin da ledojinsa suna ajiye a gefe.