Yadda za ka shiga sabon gidan baje kolin fasahar zamani ka fito da wani abu a kai

In an buɗe sabon gidan baje kolin fasahar zamani kusa da kai, wato inda ake nuna zane-zane da sassaƙa da makamantansu, kar ka yi rawar ƙafar zuwa ranar farko. Ranar ta manyan baƙi ce da 'yan jarida, ƙeyar mutane kawai za ka sha kallo. Bari a yi sati biyu uku ƙura ta lafa, sai ka je tsakiyar mako da hantsi. Ka leƙa shafinsu na intanet tukuna, don da yawansu ba sa buɗewa ranar Litinin, wasu kuma sai ka yanki tikiti tun daga gida da lokacin shigarka a jiki.

Babbar jaka a barta a gida, in ba haka ba loka za su nuna maka. Ka sa takalmin da za ka iya daɗewa a tsaye da shi, ka riƙo 'yar riga mai kauri, saboda sanyin ɗakunan suna riƙe shi wajen digiri 20 ne don kayan kar su lalace.

To ka shiga. Abin da nake so ka riƙe shi ne kar ka ce sai ka ga komai. An taɓa yin bincike a gidan Metropolitan na New York aka ga yawancin mutane ko sakan 30 ba sa yi a gaban zane ɗaya, su kalla su ɗau hoto su wuce, a ƙarshe ƙafa ta yi tsami ido ya gaji kuma in ka tambaye su me suka gani sai kame-kame. Kai ka zaga sau ɗaya da sauri, ka ware uku ko huɗu da suka ja maka ido, har wanda ya ba ka haushi ma ka sa shi ciki, sannan ka koma ka ba kowanne minti biyar cur. Ka tsaya nesa, ka matso, ka koma gefe. Aikin El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, in ka hango shi daga bakin ƙofa kamar ƙaton mayafin zinare aka rataye a bango, sai ka matso ka ga ashe murafan kwalaben giya ne dubbai aka daddake aka ɗinke da siririyar wayar tagulla, har rubutun kamfanin kana iya karantawa a jikin wasu. Wanda ya wuce da sauri rabin aikin ya gani.

Ɗan katin da ke gefe kar ka fara da shi, ka gama kallo tukuna. Sunan mai aikin ne a ciki da shekara da kayan da aka yi da su, kuma wallahi layin kayan nan ya fi sauran ba da labari, nan za ka gane fenti ne ko toka ko gashi ko tsohuwar taya.

Dole za ka ci karo da abin da zai sa ka ce ai ko yaro zai iya wannan. Gardamar tsohuwa ce. Tun 1917 Marcel Duchamp ya kai mazubin fitsari wajen baje koli da sunan fasaha, a 2019 kuma Maurizio Cattelan ya manna ayaba a bango da salatif a Miami duniya ta ɗauka. Ba wanda ya ce sai ka so shi. Ni dai ina ganin wasu cika baki ne kawai, amma kafin ka yanke hukunci ka tambayi kanka me mutumin yake tsokana.

Ɗakin bidiyo akwai duhu, ka dakata idonka ya saba kar ka taka mutane, ka duba tsawon mintunan a bango don fim ɗin maimaita kansa yake, mai yiwuwa a tsakiya ka shigo.

Ba a taɓawa, maiƙon hannu yana ɓata aiki, kuma filas ɗin kyamara a kashe. Layin da aka ja a ƙasa kar ka tsallaka. In ka ga benci ko tarin duwatsu a tsakiyar ɗaki kana kokwanto, tambayi mai gadi kafin ka zauna, don a irin wurin nan bencin ma yana iya zama shi ne aikin. Masu gadin nan kuma suna wuni da kayan, ka ja su da hira ka sha labari.

Ka ɗaga kai ka kalli ginin shi ma. Tate Modern ta Landan da aka buɗe a 2000 tsohuwar tashar wutar lantarki ce, Zeitz MOCAA na Cape Town kuma a 2017 aka buɗe shi cikin tsohon rumbun hatsi.

Tunda kusa kake, awa ɗaya da rabi ta isa. Kafin ka fita ka tsaya teburin karɓar baƙi ka tambayi ranar da za a sauke baje kolin da ke kai yanzu, da ko suna da katin shiga na shekara.